Daga Apapa Zuwa Sharaɗa: Yadda Kuɗin Dako Ke Zaɓar Masana'antar Da Za Ta Rayu

Duk wanda ya sayi buhun siminti a Dei-Dei, ko katon ɗin taliya a kasuwar Wuse, kuɗin abu biyu ya biya: na kayan da kansu, da na hanyar da suka bi kafin su iso hannunsa. Kaso na biyun nan ba a rubuta shi a jikin buhu, amma a 'yan shekarun nan ya kumbura har ya shiga sahun abubuwan da ke raba masana'antar da ke faɗaɗa aiki da wadda ke sallamar ma'aikata. Ɗanyen kaya sai an yi dakonsa zuwa masana'anta, abin da aka sarrafa sai an yi dakonsa zuwa kasuwa, kuma a Najeriya kusan dukkan wannan zirga-zirga a bayan tirela ake yin ta.

Sauye-sauye da dama sun auku a harkar sufurin kaya daga 2021 zuwa yau. An buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Lekki, an shimfiɗa sabon layin dogo zuwa Ibadan, an ƙaddamar da tashoshin tsandauri a Arewa, motoci masu amfani da iskar gas sun fara hawa titi. Idan aka jera su aka duba, alƙibla ɗaya ce ta fi fitowa fili: manyan kamfanoni sun gaji da jira, sun karɓi ragamar dakon kayansu da kansu, yayin da matsakaita da ƙananan masana'antu, musamman waɗanda ke nesa da teku, ke ci gaba da biyan farashin kowane giɓi da aka bari a tsakanin ayyukan gwamnati.

Man dizal da darajar naira

Jama'a sun fi tunawa da ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Masu tireloli kuwa, wahalarsu ta riga wannan rana. Tirela da dizal take tafiya, shi kuma dizal an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa. A farkon 2022 ana sayar da lita ƙasa da naira 300. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin a duniya, kafin ƙarshen 2023 kuma lita ta haura naira 1,000. An samu ɗan sauƙi a Afrilun 2024 da Matatar Dangote ta fara sayar da nata dizal ɗin, amma farashin bai koma kusa da inda ya taso ba.

Sai kuma canjin kuɗi. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A Fabrairun 2024 ta wuce naira 1,500. Kan mota, tayoyi, batir, man juye da kayan gyara, akasarinsu da dala ake shigo da su. Mai mota da a da yake sabunta motocinsa a kan kari, yanzu gyaran tsohuwa yake yi yana ƙara mata kwana. Tsohuwar mota ta fi shan mai, ta fi lalacewa a hanya, kuma kowace lalacewa jinkiri ce ga mai kaya.

Faɗuwar nairar ta taɓa masana'antu ta wata ƙofar kuma. Da farashin canjin hukuma Kwastan ke lissafa harajin shigo da kaya, kuma a farkon 2024 farashin na sauyawa kusan kullum, ta yadda mai masana'anta ba ya sanin abin da zai biya sai kwantenarsa ta iso. Sai da Babban Banki ya ba da umarni a Fabrairun wannan shekara cewa a yi amfani da farashin ranar da aka buɗe takardar shigo da kayan.

Ƙofar teku: Apapa, Tin Can da Lekki

Shekaru aka yi ana ba da labarin cunkoson Apapa, inda tireloli ke kwana makonni a kan gadoji suna jiran shiga tasha, masu karɓar na-goro kuma suna cin kasuwarsu. A Fabrairun 2021 Hukumar Kula da Tashoshin Jiragen Ruwa, wato NPA, ta ɓullo da tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto, wanda ke tilasta wa mota ta jira a garejin da aka amince da shi har sai an kira ta. Tsarin ya rage jerin gwanon da ke kan tituna ƙwarai, ko da yake ƙungiyoyin masu motoci sun sha kokawa kan masu saye da sayar da tikitin a bayan fage.

Babban sauyin shi ne tashar Lekki, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2023, ta fara aiki a Afrilun shekarar. Zurfin ruwanta ya kai mita 16.5, abin da ke ba manyan jiragen da ba sa iya shiga Apapa damar tsayawa, maimakon su sauke kayan Najeriya a Lome ko Tema a sake loda su a ƙananan jirage. Amma tashar ba ta da layin dogo. Kwantenar da ta sauka a can, ko dai ta hau tirela ta bi titin Lekki zuwa Epe, inda za ta yi gogayya da tankokin matatar mai da motocin takin zamani, ko a ɗora ta a kan manyan kwale-kwalen dako ta ratsa tafkin Legas. An faɗaɗa ƙofa, an bar zauren a yadda yake.

Ga kuma abin da ke faruwa a tekun duniya. Tun daga Nuwamban 2023 hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya suka sa manyan kamfanonin jiragen ruwa kauce wa mashigin Suwez suna zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Jiragen da ke zuwa Afirka ta Yamma daga Sin dama can wannan hanyar akasarinsu ke bi, amma da zagayen ya riƙe jirage da kwantenoni na tsawon kwanaki a kan ruwa, sai ƙarancinsu ya ɗaga kuɗin dako a ko'ina, har da Legas.

A cikin gida ma caje-caje ba su tsaya wuri ɗaya ba. A 2025 NPA ta ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan kuɗaɗen da take karɓa. A Fabrairun shekarar Kwastan ta fara karɓar kashi 4 cikin ɗari na darajar kayan da aka shigo da su bisa dokarta ta 2023, aka dakatar bayan koken Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya da sauran 'yan kasuwa, aka dawo da shi a Agusta, Ministan Kuɗi ya sake dakatar da shi a Satumba. Mai masana'anta zai iya shigar da caji mai tsada cikin lissafinsa; cajin da ke zuwa yana komawa shi ne ke hana shi yanka farashin wata uku masu zuwa.

Kowace rana da farashinta

Akwai kuɗin da ba ya fitowa a rasit ɗin direba, shi ne na kwanakin da kaya suka yi a hanya. A Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ba masana'antu rance da ruwan da ya kai kashi 30 ko fiye. A ɗauki misali: kwantena mai ɗauke da ɗanyen kaya na naira miliyan 100, da aka saya da rance mai ruwan kashi 30, tana cin kusan naira 82,000 kowace rana ko da ba ta motsa ba. Idan ta yi mako uku tana jiran sa hannun hukumomi a tasha, ta ƙara mako guda a hanyar Kano, ruwan bashin kaɗai ya haura naira miliyan biyu, ban da tarar jinkiri ta kamfanin jirgi da kuɗin ajiya na masu tasha.

Wannan ne ya sa dabarar nan da masana'antun Japan suka shahara da ita, ta kawo ɗanyen kaya daidai lokacin da ake buƙatarsa ba tare da tara shi a sito ba, ba ta cika yin aiki a nan ba. Wanda bai san ranar da kwantenarsa za ta iso ba dole ya tara kayan watanni, kuma tarawar da bashi ake yin ta. Masana'antar da ke Agbara ko Ota a Jihar Ogun tana da tazarar 'yan sa'o'i daga tasha. Takwararta ta Sharaɗa, Bompai ko Chalawa a Kano tana da tazarar kusan kilomita 1,000. Kaya iri ɗaya suke sarrafawa, kasuwa ɗaya suke nema, amma ɗaya ta fara tseren da dutse a ka.

Layin dogo mai giɓi a tsakiya

Maganin nisa sananne ne tun zamanin Turawa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma shi ya riƙa kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku. Jirgi ɗaya yana ɗauke nauyin tireloli masu yawa, da man da bai kai nasu ba.

An kashe maƙudan kuɗi a kan sabon layi mai faɗi. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, na Itakpe zuwa Warri a 2020, na Legas zuwa Ibadan mai tsawon kilomita 157 a Yunin 2021, kuma a Satumban 2023 aka fara jigilar kwantenoni daga Apapa zuwa Moniya a kansa. Matsalar ita ce waɗannan layuka ba su haɗu da juna ba. Sabon layin da ya taso daga Legas a Ibadan ya tsaya. Tsakanin Ibadan da Abuja babu shi. Na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021 ana kan aikinsa. Faɗin sabon layi milimita 1,435 ne, na tsohon kuma 1,067, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Kwantenar da za ta je Kano ta jirgi sai ta bi tsohon layin da ya ratsa Ilori, Jebba, Minna, Kaduna da Zariya, wanda aka sake fara jigilar kaya a kansa a 2024, amma tsufa da ambaliya da ɓarayin ƙarafa suna yawan katse shi.

Wannan giɓi ne ke danne tashoshin tsandauri. An ƙaddamar da ta Kaduna a Janairun 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a Janairun 2023, ta Funtuwa a 2024. Manufarsu ita ce kwantena ta taso daga jirgin ruwa a rufe, a duba ta a biya mata haraji a kusa da mai ita, sannan ta koma cike da riɗi, zoɓo, citta ko fata maimakon ta koma wayam. Tashar tsandauri da babu jirgin ƙasa mai zuwa a ranar da aka sani, tirelar da aka gina ta don a rage ita ce dai za ta riƙa ciyar da ita. Haka labarin tashar kogi ta Baro a Jihar Neja yake: an ƙaddamar da ita a Janairun 2019, amma rashin hanyar shiga mai kyau da rashin yashe kogi sun hana ta amfanuwa.

Titi da abin da ke kansa

Tunda nauyin ya koma kan titi, rauninsa ya zama raunin masana'antu. Hanyoyin da ke haɗa Kudu da Arewa ba su da yawa, kuma kowace ta rataya ne a kan 'yan gadoji. Mazauna Abuja ba su manta da Oktoban 2022 ba, lokacin da ambaliya ta shafe titin Lokoja a yankin Koton Karfe, tankoki da tireloli suka maƙale, gidajen mai suka bushe a babban birnin. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa, wadda ta hallaka mutane fiye da 150, ta karya gada a kan hanyar da ke haɗa Arewa da Kudu maso Yamma. Titin Abuja zuwa Kano mai tsawon kilomita 375, da aka ba Julius Berger kwangilarsa a ƙarshen 2017, bai kammala ba har gwamnati ta soke kwangilar sashen Abuja zuwa Kaduna a 2024.

Su ma motocin suna da hannu a lalacewar. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa idan aka ninka nauyin da layin taya ɗaya ke ɗauka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Mai mota da dizal ya yi wa tsada yana ƙara lodi don ya fita, titin ya farfashe, tafiyar ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙara hawa. Sakamakon wani lokaci rayuka ne. Bayan fashewar tankar mai a mahaɗar Dikko kusa da Suleja a Janairun 2025, wadda ta ci mutane fiye da 80, hukumar kula da harkar rarraba mai ta hana lodin tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 daga farkon Maris.

Sai shingaye. Dokar haraji ta 1998 ta haramta kafa shinge a kan titi don karɓar kowane irin haraji, amma direban da ya taso daga Legas zuwa Kano ya san adadin hannayen da ke miƙo masa rasit, na jiha, na ƙaramar hukuma, na ƙungiya, da waɗanda ba su da rasit ɗin ma. Inda tsaro ya taɓarɓare, kamar hanyar Birnin Gwari, direbobi na zagaye mai nisa ko su ƙi tafiyar dare, duka biyun kuma a kan mai kaya suke ƙarewa. Abin ya fi ciwo yanzu da tsadar dala ta sa masana'antu komawa neman dawa, masara, rogo da madara a cikin gida, domin waɗannan a ƙauyuka suke, a ƙarshen hanyoyin da suka fi kowace lalacewa.

Mai ƙarfi ya shimfiɗa hanyarsa

Martanin manyan kamfanoni shi ne su mallaki hanyar da abin hawan. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan Umarnin Zartarwa mai lamba 007, wanda ya ba kamfani damar gina titin tarayya a cire kuɗin daga harajinsa. Ta irin wannan tsari Dangote ya yi titin kankare na Obajana zuwa Kabba da na Apapa zuwa Oworonshoki, NLNG ta ɗauki na Bodo zuwa Bonny, MTN ta ɗauki na Inugu zuwa Onitsha. Tsarin ya samar da tituna, amma a bisa ɗabi'a kamfani titin da ya shafi harkarsa zai fi zaɓa.

Mataki na gaba shi ne iskar gas ta CNG, wadda ta fi dizal araha nesa ba kusa ba. A Yunin 2025 Matatar Dangote ta sanar da shirin sa motoci 4,000 masu amfani da ita don kai mai kai-tsaye ga gidajen mai da masana'antu. Shirin ya haddasa takun-saƙa da ƙungiyar direbobin tanka ta NUPENG a Satumba, ya kuma tayar da hankalin masu motocin haya da ke ganin kasuwarsu za ta tafi. Kamfanonin siminti ma sun kama wannan hanya.

Sai dai ribar gas ba ta isa ko'ina daidai ba. Tashoshin cika ta sun fi yawa inda bututu ya kai, wato Kudu da kewayen Abuja. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, shi ne zai kai wannan sauƙi Kakuri da Chalawa. Kafin ya fara aiki, mai masana'antar roba a Kano da ke hayar mota biyu a mako yana biyan farashin dizal, abokin gogayyarsa mai motoci dubbai yana biyan na gas. Kamfanonin fasaha da suka fito don haɗa masu kaya da masu motoci ta waya sun rage wahalar neman mota, amma sun ci karo da tsohuwar matsala: direba yana son kuɗin mai a hannu kafin ya tashi, mai kaya kuma sai bayan wata ɗaya ko biyu yake biya.

Kasuwar maƙwabta

Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta fara aiki a Janairun 2021, Najeriya kuma ta tura kayanta na farko a ƙarƙashinta a Yulin 2024. Ga masana'antun Arewa, kasuwar da ta fi kusa ita ce ta Nijar da Chadi da arewacin Kamaru, kuma a nan ne nisa daga teku ke komawa fa'ida, domin Kano ta fi Legas kusa da Maraɗi da Damagaram. Amma an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, da ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, amfaninsa zai dogara ne a kan iyakar da ɗan kasuwa ya tabbata za ta kasance a buɗe gobe.

Abin da ke kan teburin Abuja

Idan aka duba jerin nan, yawancin abin da ya rage aikin haɗa abubuwan da aka riga aka gina ne, kuma a warwatse yake a tsakanin ofisoshi. Tashoshin ruwa suna ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023, jirgin ƙasa yana Ma'aikatar Sufuri, tituna suna Ma'aikatar Ayyuka, Kwastan tana Ma'aikatar Kuɗi, masana'antu suna Ma'aikatar Ciniki, gas yana ɓangaren man fetur. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ƙara jihohi cikin masu ikon gina layin dogo. Kwantena ɗaya ce ke ratsa hurumin dukkansu, kuma babu ofishi ɗaya da za a tuhuma idan ta makara.

Shirin taga ɗaya ta kasuwanci da Shugaba Tinubu ya ƙaddamar a Afrilun 2024 an yi shi ne don mai kaya ya shigar da takardunsa sau ɗaya, dukkan hukumomi su gani a wuri guda. Nasararsa tana hannun hukumomin da za su yarda su saki ikon tsayar da kwantena, da ma'aikatan da za su daina neman takarda bayan an shigar da ita a kwamfuta. Haka jadawalin jirgin kaya da ake bugawa kuma ake cikawa, da sikelin auna nauyin motoci a bakin tashoshi da masana'antu, da aiwatar da dokar 1998 a kan shingaye: babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar rancen biliyoyin daloli, kuma babu wanda ake yanka masa kyalle a gayyaci 'yan jarida. Ɗan hakin da aka raina dai shi ke tsone ido.

Ma'auni ɗaya zai iya nuna ko ana ci gaba: kwana nawa kwantena ke yi daga ranar da aka sauke ta a Apapa ko Lekki zuwa ranar da aka buɗe ta a Zawaciki, kuma naira nawa ta ci a tsakani. Da ma'aikatun da abin ya shafa za su riƙa fitar da wannan adadi tare duk wata, da kowane darakta da kowane hadimin minista ya san inda fayil ɗin da ke gabansa ya shiga cikin lissafin, mai masana'antar Sharaɗa kuma ya san ko ya ƙara inji ko ya fara neman fili a Ogun.